Wanke Fim A Ƙasar Zafi

Duk wanda ya sayi fim na hoton baƙi da fari zai tarar da rubutu a cikin kwalinsa, inda masu yinsa suka tsara yawan mintocin da zai yi cikin magani wajen wanki. Kusan dukkan lissafin nan a kan ruwa mai digiri 20 aka gina shi. To, mu da muke Kano mun san irin ruwan da famfo ke bayarwa a watan Afrilu bayan tanki ya wuni a rana, wanda ko alwala sai an jira ya huce. Shekara biyu ke nan ina wanke fim da kaina a gidanmu, kuma abin da na fahimta shi ne, takardar nan ba ta san ruwanmu ba, ba ta san ranarmu ba, balle tufafinmu. Wanda zai yi aikin a nan tilas ya nemo nasa lissafin.

Bari in fara da bayanin abin da ake nufi da fim maras sauri. A jikin fim akwai wani danƙo da ake samowa daga fata da ƙashin dabbobi, a cikinsa kuma an barbaɗa ƙwayoyin gishirin azurfa, su ne ke kama haske. In ƙwayoyin manya ne, haske kaɗan ya ishe su, amma hoton kan fito da ɓarzo-ɓarzo kamar tsaki. In kuwa ƙanana ne, sai sun sha haske sosai, amma hoton kan fito sumul kamar garin da aka tankaɗe. Lambar da ke jikin kwali ita ke nuna wannan. Fim mai lamba 50, irin Pan F Plus na kamfanin Ilford da ke Ingila, yana bukatar haske ninki takwas na mai lamba 400. A ƙasashen da hadari ke rufe sama rabin shekara wannan naƙasa ce. Mu kuwa in akwai abin da Allah ya hore mana ba da awo ba, rana ce.

Wataƙila mai karatu ya ce, ina ruwan ɗalibin Hausa da wannan wahala, ga waya a aljihu? Dalilina tsagar fuska ce. Tun da muka yi darasi a kan aikin wanzamai na lura cewa a danginmu babu wanda ke ƙasa da shekara talatin da ke da tsaga. Dokar kare haƙƙin yara ta tarayya ta 2003 ba ta zo ba tukuna aka fara barin abin, da ta zo kuma ta hana yi wa yaro zane a fata. Ba kukan dawowar al'adar nake yi ba, domin ni ma ba zan so a sa wa ɗana aska ba. Amma dai rubutu ne a fuskar mutum, mai faɗin garinsu da zuriyarsu, kuma masu ɗauke da shi suna ta tafiya ɗaya bayan ɗaya. Tsagar tsoho takan dushe ta shige cikin tamoji, sai fim mai laushin ƙwaya ke iya raba su. Da kyamarar kawuna, Pentax K1000, na shiga bin dattawan ƙauyenmu a lokacin hutu.

A nan ne matsala ta farko take. Ka ce wa dattijo za ka ɗauke shi hoto, sai ya ce, "To ɗan nan, dakata in shirya." Can sai ga shi cikin farar riga tas, mai aska takwas, aikin farin zare a kan farin yadi. Ga fuska baƙa, ga riga na ƙyalli. Shi kuwa fim maras sauri halinsa ne ya tsananta bambanci: fari ya yi fari fat, baƙi ya yi baƙi ƙirin. In ka auna haske da riga, fuska ta zama inuwa, ba tsaga ba ido. In ka auna da fuska, riga ta zama takarda, aikin da maɗinki ya yi wata uku yana yi ya ɓace. Rabin maganin wannan a wajen ɗauka yake: in zaunar da shi a bakin zaure ko inuwar bango, in ba fim ɗin haske ninki biyu, watau in ɗauke shi kamar mai lamba 25. Sauran rabin sai a wajen wanki.

Kafin wanki sai an naɗa fim a wani abu mai kama da kwarkwaron zare, a sa cikin tanki mai murfi wanda ruwa ke shiga amma haske ba ya shiga. Wannan cikin duhu ɗungum ake yinsa. Jar fitilar nan da ake gani a majigi ta takardar hoto ce, fim kam yana ganin ja. Ni da dare nake yi, in toshe ƙasan ƙofa da bargo. Ranar da aka ɗauke wuta a unguwa kuwa, kowa na tsaki ni ina murna. Abokin gaba a nan gumi ne. Da yatsa mai laima ya taɓa kwarkwaron sai fim ya cije, ya ƙi gaba ya ƙi baya, ga shi ba halin kunna fitila. Saboda haka nakan yi wanka tukuna, in ajiye tsumma a kafaɗa.

Sai maganar ruwa. Magani yana ƙara sauri da zafi. Abin da masu aikin suka saba lissafawa shi ne a rage kamar kashi goma cikin ɗari na lokaci a kan kowane digiri guda da ya ƙaru. Alal misali, Pan F Plus a maganin ID-11 da aka haɗa rabi da rabi da ruwa, minti takwas da rabi ne a digiri 20. A bi lissafin nan zuwa digiri 30, sai ya koma wajen minti uku. Wanki kuwa in ya gaza minti biyar ba ya yin daidai, domin kafin magani ya gama cika tanki ƙasan fim ya riga ya yi nisa. Bugu da ƙari, danƙon nan yana kumbura ya yi taushi a ruwan ɗumi, ƙaramin abu sai ya karce shi. In kuma ka sanyaya magani na farko da ƙanƙara ka bar sauran da zafinsu, danƙon na iya yamutsewa kamar fatar guza. Ashe ba sanyi kawai ake nema ba, a daidaita dukkan ruwan ake so.

Randa ce ta fisshe ni. Ita da kakanninmu suka girke a inuwa, tana tsattsafo iska na shan laimar, ruwanta a kullum yana ƙasa da na famfo nesa ba kusa ba. Nakan ɗebi bokiti guda da asuba, in jefa ƙanƙarar leda ɗaya ko biyu ina duba ma'aunin zafi har ya sauka 20, sa'an nan in tsoma kwalaben magani duka uku a ciki su yi rabin sa'a. Tankin ma a ciki yake zama tsakanin girgizawa.

Game da farar riga da baƙar fuska, maganin da ya fi yi mini shi ne Rodinal, wanda aka ƙago a Jamus tun 1891, har yau kuma ana yinsa. Nakan tsinka shi, kashi ɗaya cikin hamsin na ruwa. A rubuce minti 11 ne, ni 9 nake yi, kuma ba na yawan girgizawa, sau biyu a hankali kowane minti. Hikimar ita ce, inda haske ya yi yawa, watau riga, tsinkakken magani kan gaji da wuri ya tsaya sai an girgiza sabo ya zo. Inda haske ya yi kaɗan kuwa, watau fuska, yana nan yana aikinsa a hankali. Ta haka riga ke jiran fuska. Ranar da na fara ɗaga fim na ga tsagar wan kakana guda-guda, ga kuma kan kowace aska ta rigarsa, na daɗe a tsaye ban ajiye ba.

Sauran aikin ba wuya: ruwan tsayarwa, sai mai kafe hoto minti biyar, sai ɗauraya ta hanyar cika tanki a juya sau 5, a zubar, sau 10, a zubar, sau 20. Wannan ya dace da gidan da ake sayen ruwa a kura. Ruwan rijiya kan bar farin tabo, don haka ɗaurayar ƙarshe da tataccen ruwa nake yi. Mai kafewar kuwa yana ɗauke da azurfa, ba a zubar da shi inda awaki ke sha.

Da hunturu ruwa kan sauka kusa da 20 da kansa, sai ka ce an huta. Ina! Lokacin ne ƙura ke neman jiƙaƙƙen fim, kuma wadda ta bushe a jikin danƙo ta zauna ke nan. Nakan watsa ruwa a bangon banɗaki da ƙasa, in rataye fim, in kulle, in roƙi 'yan gida su yi mini haƙurin sa'a biyu. Wani abu kuma, Pan F Plus ba ya son jira: masu yinsa sun ce a wanke cikin wata uku da ɗauka, in ba haka ba hoton da ke ɓoye a ciki ya fara dushewa. Saboda haka abin da na ɗauka a hutu ba ya kaiwa jarrabawa.

J. D. 'Okhai Ojeikere ya fara ɗaukar kitson matan Nijeriya a 1968, ya tara wajen dubu kafin rasuwarsa a 2014. Ni dattawa goma sha tara na samu zuwa yanzu, biyu daga ciki sun riga mu gidan gaskiya. Kowane fim yana cikin ambulan da sunan gari da sunan tsagar yadda mai ita ya faɗa da bakinsa, cikin gwangwanin da gara ba ta ci. Wanda ya gagare ni har yanzu shi ne mai rawani ɗan Kura, domin baƙi ne wuluk amma bugu ya sa yana walƙiya kamar madubi, ga farar riga a ƙasansa. Na yi alkawari da shi bayan girbi, zan gwada kashi ɗaya cikin ɗari, in bar tankin a bokiti sa'a guda ba girgizawa.