Kanwa da Ƙullun Jajibere

A gidajen Funtua da Malumfashi, tun daren jajibere ake yanke wa wainar Sallah hukunci. An jiƙa shinkafa, an kai inji an markaɗo, an rufe ƙullu an bar shi ya kwana. Kafin asuba ya tashi, ya kuma yi tsami. Sai uwar gida ta tsoma yatsa ta ɗanɗana, ta tsiyaya ruwan kanwa, ta juya, ta sake ɗanɗanawa, sannan a ɗora tanda.

Abin da ke faruwa a cikin robar nan ilimin sinadarai ne tsantsa. Kanwa, wadda fatake suka daɗe suna saukowa da ita daga yankin Tafkin Chadi da ƙasar Manga, tana ɗauke da gishirin soda. Idan ta gamu da tsami sai ta kashe kaifinsa, haɗuwar tasu kuma ta saki iskar da ke ƙara wa ƙullu kumfa.

Da irin wannan dabara mutanen ƙasar Ailan suka samu burodin da suke tinƙaho da shi, wanda ake yawan gasawa a bikin waliyinsu Patrick, ranar 17 ga Maris. Alkamarsu ba ta da danƙon da yis ke so, don haka tun ƙarni na 19 suke kwaɓa gari da tsala da gishiri da hodar soda, su tsaga kansa da wuƙa, su gasa a tukunyar ƙarfe. Bambancin shi ne sodarsu ta masana'anta ce, ƙarfinta ɗaya kullum, ana iya rubuta awonta a takarda.

Kanwa ba ta yarda da takarda. Ungurnu daban, wadda aka tsinto a tiren mai koli daban. Shi ya sa idan 'ya ta zo hutun Sallah daga Kaduna ko Abuja ta ce, "Inna, cokali nawa ake sawa?" amsar ba ta wuce, "Ɗanɗana ki ji." Ba rowar sani ba ce. Idan kanwa ta yi kaɗan waina ta yi tsami, idan ta zarce ta yi ja, ta ɗauko bauri da warin sabulu, kuma kwanon da za a kai gidan surukai ne.

Da yawa sun koma ga hodar kanti da ake kira baƙar hoda, ko da yake fara ce fat. Tana tayar da ƙullu, amma da nata tsamin take zuwa a gauraye, saboda haka ba ta gyara wanda ya kwana ya wuce kima. Wannan aikin har yanzu na harshe ne.

Harshen kuma shekaru yake ci kafin ya ƙware, domin Sallah ba ta zama wuri ɗaya. Kowace shekara tana matsowa da kwana 10 ko 11, sai ta yi kusan shekara 33 kafin ta zagayo. Ƙullun da ya kwana cikin zafin Afrilu, kamar na ƙaramar Sallar 2024, da wuri yake tsami. Na hunturu sai an lulluɓe shi an kai kusa da murhu. Rabon ƙaramar Sallah da Janairu tun shekarar 2000, ba kuma za ta dawo cikinsa ba sai 2031. Matan da za su tsaya kan tanda a safiyar nan, yawancinsu yara ne masu kai kwano maƙwabta lokacin da iyayensu suka yi ta ƙarshe.