Ranar da Kwamfutar Ofis Ta Ƙi Tashi

A hunturun shekarar 2018 ni ne jami'in jarrabawa a wata makarantar sakandare. Makin ɗalibai duka yana cikin kwamfutar tebur guda ɗaya da ke ofishina, kuma saura kwana uku a raba sakamako. A daidai wannan lokaci ne kwamfutar ta fara yi mini gardama. Wata rana in na danna maɓalli sai ta tashi lafiya lau. Wata rana kuwa sai fanka ta yi ta juyawa, allo ya yi baƙi ƙirin, sai wani ɗan kuka da take yi tana maimaitawa. Babban laifina shi ne ban taɓa kwafe makin nan a wani wuri ba.

Da shugaban makaranta ya ji labari sai ya ce, "Malam, injin nan ya gama aiki, a nemo wani." Na ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni zuwa gobe." Na san ko an sayo sabo ba zai zo da makin yara a cikinsa ba.

Na ɗauki littafi da biro, na ƙudura cewa ba zan taɓa abu biyu a lokaci guda ba, domin wanda ya sha magani uku ya warke ba zai san wanda ya yi masa aiki ba. Na fara da abin da ya fi sauƙi. Na sauya soket, na sauya wayar wuta, na duba sitabilaiza na ga wutar tana wajen bolt 230 kamar yadda ya kamata. Na cire firinta da sauran abin da ke maƙale a jiki. Duk abin da na gwada sai in rubuta sakamakonsa. Ciwo dai yana nan.

Daga nan na kashe wuta, na zare waya, na buɗe murfin akwatin. Kafin in sa hannu a ciki sai da na taɓa ƙarfen akwatin, don lantarkin da jikin mutum ke tarawa lokacin sanyi da bushewar iska yana iya ƙona ƙananan sassa. Abin da na tarar ya ba ni kunya: ƙurar hunturu ta yi dandazo a kan fanka da babban allon lantarki. Na hure ta, na zare sandar RAM, wato ma'adanar wucin gadi, na goge haƙoranta masu ruwan zinariya da kilina, na mayar har maƙallanta biyu suka kama. Kukan nan ashe saƙo ne: kafin kwamfuta ta nuna komai a allo takan binciki sassanta, in ta ga matsala sai ta sanar da ƙara. Da na kunna, sai ta tashi. Ban tsaya murna ba, nan take na kwafe makin a filashi biyu.

Washegari ta tashi, amma sai ta tsaya tana ƙorafi a kan agogo, kwanan wata ya koma shekarun baya. Wannan alama ce ta mutuwar ɗan batirin nan mai kama da kwabo, CR2032, mai bolt 3, wanda ke riƙe agogo da saitin injin idan an ɗauke wuta. Na sayo wani a kasuwa na sa, na gyara saiti. Ashe cuta biyu ce ta haɗu a jiki ɗaya, shi ya sa alamunta suka rikitar da mu. An raba sakamako a kan kari.

Tun daga ranar, idan na ji an ce wani ɗalibi daƙiƙi ne, yau ya gane gobe ya manta, nakan tuna da injin nan da aka yanke wa hukunci tun ba a buɗe shi ba. Nakan tambayi yaron ko ya karya kumallo, ko yana hango allo daga inda yake zaune, ko yana jin abin da ake faɗa. Sau da yawa a nan matsalar take, kuma gyaranta bai fi kuɗin batiri ba. Hausawa sun ce sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.