Adireshin da Ba Ya Canzawa

A shekarun da na yi a wani ƙaramin kamfanin intanet a Kano, tun daga 2013, ba mu da wayar faiba ko taku ɗaya. Komai ta iska muke turawa. Layin da muke saye daga babban kamfani yana sauka a ofishinmu, daga nan rediyoyin Ubiquiti masu aiki a zangon gigahaz 5 su kwashe shi zuwa turakunmu na Bompai da Sharada da Sabon Gari. A gindin kowane turke akwai akwatin ƙarfe, cikinsa rautar MikroTik da batura da inbata.

Da farko duk turakun a tsarin gada suke, babu shamaki tsakanin wannan da wancan. Yana da daɗin aiki, domin duk adireshin da ka ba kwastoma zai yi aiki ko ina yake. Amma ranar da wani ya soka waya a ramin da ba nata ba, sai saƙonni su riƙa zagaye suna ninkuwa har gari ya tsaya cak, wayar ofis ta ɗau ruri. Dole muka raba su. Kowane turke ya zama da yankinsa, rautoci suna sanar da juna hanya ta OSPF, in wannan layi ya faɗi su bi wancan. Hankalinmu ya kwanta. Sai kuma maganar adireshi ta taso.

Yawancin kwastomomi suna bayan NAT ne, su da yawa suna fita duniya da adireshi ɗaya. Kamar gidan haya ne mai lamba ɗaya a ƙofa: kowa yana iya aika wasiƙa, amma baƙon da ya zo da lambar kaɗai ba zai san ɗakin da zai ƙwanƙwasa ba. Mai kallon YouTube bai damu ba. Wanda ya damu shi ne mai masana'anta a Sharada da ke son haɗa ofisoshinsa biyu, da asibitin da ke da uwar garke, da kuma 'yan kasuwa masu kyamarorin tsaro.

Wani Alhaji mai sito a Bompai, wanda ke yawan zuwa Dubai da Sin saro kaya, shi ya fi kowa fayyace buƙatar.

"Injiniya, ni ban san lissafinku ba. Ina so in ina can in buɗe waya in ga ƙofar sitona."

"Ranka ya daɗe, sai an ba ka adireshi naka na kanka, wanda ba ya canzawa."

"To a ba ni mana."

Bayarwar ce ke da wuya. Adireshin IPv4 duka duniya bai wuce kusan biliyan 4.3 ba, kuma tun Fabrairun 2011 IANA, hukumar da ke rabon adireshin a matakin duniya, ta raba ragowar da ke hannunta. Mu nahiyar Afirka wajen AFRINIC muke nema, can Morishos, da takardu da hujjar yadda za a yi amfani da kowane ɗaya. Abin da ke hannunmu /24 ne guda, adireshi 256 ke nan.

Hanyar da littafi ya koya mana ita ce a yanka wa kowane kwastoma /30. Wannan adireshi huɗu ne: biyu tsarin ya cinye, ɗaya na rautarmu, ɗaya tak nasa. A haka 256 ɗinmu mutum 64 kawai za su ɗauka. Ni wannan asarar tana ci mini rai ƙwarai, ganin irin wahalar da aka sha kafin a samo su. Wani ya kawo shawarar a raba wa turaku 32 kowanne. Sai ka ga turken Sharada ya cika maƙil, na wata unguwa yana zaune da nasa babu mai so. Mun gwada ajiye adireshin a ofis muna fassara shi ɗaya bisa ɗaya zuwa na cikin gida. Kyamara ta yarda da hakan, amma masu VPN da wayar intanet suka yi ta kuka, kuma ma'aikacin kwamfutar kwastoma yana duba rautarsa ya ga adireshi mai farawa da 10, ya ce ba abin da suka biya ba ke nan. Yana da gaskiya.

Abin da ya fisshe mu shi ne PPPoE a kan kowane turke, da uwar garken RADIUS a ofis mai riƙe da sunan kowa da adireshinsa. Rautar kwastoma ta yi sallama da sunanta, turken ya tambayi ofis, ofis ya ce wannan ga nasa, a miƙa masa /32, adireshi ɗaya cur. Nan take OSPF ya shelanta wa sauran rautoci cewa adireshi kaza yana ta turke kaza. Babu ko ɗaya da ya tafi a banza. Akwai ɗan kuɗin da aka biya: PPPoE yana cin bayit 8, girman ƙunshi ya sauko daga 1500 zuwa 1492, wasu shafuka suka riƙa maƙalewa rabin hanya har sai da muka daidaita MSS, wato iyakar bayanan da kowane ƙunshi zai ɗauka.

Na ga amfanin abin da idona lokacin da aka tada bene tsakanin siton Alhaji da turkenmu. Sigina ya yi ta raguwa yayin da gini ke hawa, ranar da aka zuba dakin na sama ya ɗauke. Muka hau rufin kwano da hantsi, kwanon ya fara zafi, abokin aikina ya kwance ƙusoshin eriyar yana juya ta a hankali zuwa wajen turken Sabon Gari, ni ina tsugune da kwamfuta a cinya ina karanta masa lambobi. Da sigina ya kai -62 na ce ya ɗaure. Ban taɓa komai a rautar sito ba. Na leƙa teburin hanyoyi, sai ga adireshin nan ya ɓullo ta sabon turke. Da a tsarin raba wa turaku adireshi ne, sai an sauya masa lamba, an bi kowace waya da kowace kwamfuta ana gyara.

Adireshi na fili kuwa kowa na iya isa gare shi, ba mai shi kaɗai ba. A 2016, lokacin da muguwar manhajar nan Mirai ta mamaye kyamarori da na'urorin naɗar bidiyo a duniya ta hanyar kalmar sirrin da suka zo da ita daga masana'anta, mun ga wasu kwastomominmu suna fitar da zirga-zirgar da ba tasu ba tsakar dare, har rediyon turke ya toshe. Muka bi su gida gida muna sauya kalmar sirri, muna rufe telnet. Daga lokacin muka kafa ƙa'ida: ba a kunna wa kowa adireshi na dindindin sai ɗayanmu ya zauna gaban na'urarsa ya ga an sauya kalmar.

A Janairun 2020 AFRINIC ta shiga mataki na biyu na tsimin ragowar adireshinta, inda mafi yawan abin da za a ba mai nema ya koma /22, wato 1,024. A lokacin /24 ɗinmu ya kusa ƙarewa, mun fara jerin masu jira, muna kuma gwada IPv6, sabon tsarin adireshi, a turken Bompai.