Jirgin da ya wuce gida

A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, daga 1940, Turawan Ingila suna haɗa jiragen yaƙi a Takoradi ta ƙasar Gana, su biyo ta Legas da Kano da Maiduguri har zuwa Masar. Duk sanda na bi hanyar Zariya zuwa Kano ta gonakin raken Makarfi da Kudan, nakan tuna cewa yaƙin nan ya ratsa sararin samaniyar Arewa, wasu jiragen kuma ba su kai ba.

A cikin jiragen da suka ɓace a yaƙin, wanda ya fi tsaya mini a rai jirgin Amurka ne mai jefa bom, ƙirar B-24, mai suna Lady Be Good. Ranar 4 ga Afrilu 1943 ya tashi daga Libiya zuwa Italiya da mutum 9. Da dare, a hanyar dawowa, ya wuce sansaninsa, ya nausa cikin Sahara har mai ya ƙare. Suka dira da laima. Takwas suka haɗu, suka yi ta tafiya arewa da ɗan ruwan da bai kai ya kashe ƙishin mutum ɗaya ba. Sai a 1958 masu neman man fetur suka hango jirgin, aka tsinci gawarwakin mutanen jirgin a 1960, ban da guda.

Bom suka ɗauko don wasu, na sani. Duk da haka tausayinsu nake ji, domin wannan hamadar ce yaranmu masu bi ta Agadas zuwa Libiya suke shiga yau, kuma su sau da yawa ba wanda ke fita nemansu.