Yarinya, Allura Da Hotunan Taurari

Makon nan zancen 'yan matanmu za mu yi, waɗanda suka bar wasan 'yar tsana amma ba su kai ɗakin miji ba, watau 'yan shekara 13 zuwa 17. Duk inda na zauna, ko gidan suna ko gidan biki, kuka ɗaya nake ji a bakin iyayensu. Wai yaran yanzu ba su da aiki sai kallon hotunan 'yan fim a waya, su ga wance ta sa kaza, gari na wayewa su ce su ma shi suke so. Lalle akwai gaskiya cikin kukan nan. Amma ni dai a ganina kallon ba shi ne cutar ba. Abin da ya kamata ki lura da shi, uwargida, shi ne abin da hannun yarinya ke yi bayan ta ajiye wayar.

Ina riƙon 'yar ƙanena a nan Kano, shekararta 15, tana sakandare. Dukiyarta duka tana cikin wani tsohon gwangwanin biskit: allura, zare kala-kala, ɗan almakashi, gam, maɓallai, duwatsun ado na roba, da tarin ƙyallayen atamfa da take roƙowa wurin telan unguwarmu, waɗanda in ba ta karɓa ba bola za a kai su. Da waɗannan take aikinta, kuma ba wani aiki ne mai wuya ba. Bari in gaya miki yadda take yin 'yan kunne, ko kya nuna wa taki. Sai ta sami maɓalli mai ɗan faɗi, ta yanka ƙyalle zagaye wanda ya ninka maɓallin faɗi, ta bi bakinsa da allura tana tsallakawa, ta sa maɓallin a tsakiya, ta ja zaren. Nan da nan ƙyallen ya tsuke ya rufe maɓallin ruf. Ta ƙulle, ta manna ɗan ƙarfen kunne a baya da gam, ta bar shi ya kwana. Shi ke nan, an sami 'yan kunne da suka dace da zanen da za a ɗaura, tun da daga jikinsa aka cire su.

Awarwaro ma haka. Tsohon na roba wanda ya koɗe take naɗewa da ƙyalle. Sai dai akwai dabara guda: a karkace ake yanka ƙyallen, ba a miƙe ba, don ya bi lanƙwasar ya kwanta lumui, bakinsa kuma kada ya yi ta zarewa. Ba wanda ya koya mata wannan. Sai da ta ɓata uku kafin ta gane. Aikin da ya fi cin lokacinta shi ne jakar duwatsu. Da zaren roba irin na masunta ake yinta, ana zura duwatsu huɗu-huɗu, bakin zaren biyu su gitta cikin na huɗun, a ja, a sake. 'Yar ƙaramar jaka wadda waya kaɗai za ta ɗauka takan kai ta mako biyu, don sai ta gama aikin makaranta take taɓawa. Tana ɗan taɓa kwarashi kuma, hular jariri da safa, amma wannan bai kama zuciyarta sosai ba.

To, ina take samo fasalin abubuwan nan? Ai wurin taurarin nan da muke kuka da su. In kika tambaye ta wa ya fi kowa iya sa kaya, ba ta ko jinkiri. Cikin 'yan Kannywood, Hadiza Gabon ce gwanarta wajen ɗaurin ɗankwali da yafa mayafi, Rahama Sadau kuwa wajen haɗa launi da zaɓen 'yan kunne. Ƙawarta ta ce sam, Nafisa Abdullahi ta fi su duka. Ran nan suka yi ta musu har sai da na kora su tsakar gida. Amma da na leƙa, sai na tarar ba zaman banza suke ba. Sun kife ƙwarya, sun ɗora mata ɗankwali, suna duban hoto suna ninkawa, in ninki ya zauna su kama shi da allura. Da suka gama, ɗauri ya tsaya da kansa, sai dai a ɗauka a kifa a ka kamar hula. Matan gidan nan uku sun riga sun ba da nasu a yi musu, har da wadda ta fi kowa faɗa a kan waya.

A ƙasashen waje kuma, Lupita Nyong'o take so, 'yar Kenya ɗin nan da ta ci kyautar Oscar a Amurka a 2014. A daren ta sa doguwar riga shuɗiya mai haske, ta ce launin yana tuna mata da Nairobi, ta kuma ɗora wani siririn abin kai na zinariya da daimon a gashinta. Yarinyata ta ga tsohon hoton, ta daɗe tana kallo. Rigar ba ta da hannu, ƙirjinta kuma a buɗe yake, ba irin wadda za a fita da ita a gidanmu ba ce, ita ma ba ta ce tana so ba. Launin ta ɗauka, da abin kan. Ta sami siririyar waya ta jera mata ƙananan duwatsu masu ruwan zinariya, ta ɗora a kan shuɗin ɗankwali ran Sallah. Kin ga abin da nake nufi? Mai yi da hannunta zaɓe take yi, ta ɗauki wannan ta bar wancan, domin idonta na kan yadda aka ƙera abin. Wadda ba ta iya kome ba ita ce ke son a kwaso mata hoton dungum.

Af, tun da mun ambaci Lupita, ga wani abin dariya. A bikin 2015 ta sa wata riga da aka ce an jera mata lu'ulu'u wajen 6,000, kuɗinta dala 150,000. Bayan biki aka sace rigar daga ɗakinta a otal. Ba a yi kwana uku ba sai ga ɓarawo ya mayar, ya aika da saƙo wai ya kai lu'ulu'un an duba an ce masa na jabu ne. Ko gaskiya ya faɗa ko ƙarya, shi ya sani. Ni dai da na ba yarinyata labarin, sai ta dubi duwatsunta na roba ta ce, "Ashe Gwaggo, ni da ita duk ɗaya ne."

Kafin ki yi wa ɗiyarki faɗa, 'yar'uwa, ki tuna da kanki. Wace ce cikinmu ba ta yi ɗaurin Maryam Babangida ba? Daga 1985 zuwa 1993, lokacin da mijinta ke mulki, in ta fito a talabijin iyayenmu da yayyenmu ba jawabi kaɗai suke saurare ba, kanta suke kallo. Ta rasu tun 2009, amma har yau in kika ce wa mai ɗauri ta yi miki Maryam Babangida ta san abin da kike nufi. Kafin nan akwai ture-ka-ga-tsiya, wanda sunansa kaɗai ya isa ya gaya miki masu yinsa ba su da tsoro. Ga finafinan Indiya da muka tashi da su a kaset, muna kwaikwayon yadda Hema Malini da Sridevi ke jefa gyale a kafaɗa ɗaya. Bayan auren Zahra Buhari a Disamba 2016, sai ga ɗauri mai sunanta ya cika gidajen biki. Abin ba yau ya fara ba. Bambancin kawai, mu a da sai mako-mako muke ganin hoto ɗaya, su kuwa ɗari suke gani kafin a sauke tukunyar rana.

Yawan ganin nan shi ya sa dole ki zauna ki gaya mata abin da hoto ba ya nunawa. Tauraruwa ba ita kaɗai ta shirya kanta ba. Akwai tela, akwai mai kwalliya, akwai mai ɗauri, akwai mai ɗaukar hoto da fitilunsa, sa'an nan a gyara hoton a na'ura kafin ya iso gare mu. Sau da yawa kuma kayan ba nata ba ne, masu shago ne suka ba ta ta sa don talla, wani lokaci har da lada a kai. Watau ita biyanta ake yi ta sa, ke kuwa ke za ki biya. Wani lokacin ma ba da son ranta ba ne. Halima Aden, 'yar asalin Somaliya da aka haifa a sansanin gudun hijira na Kakuma a Kenya, ta yi suna a Amurka da Turai wajen tallan tufafi da hijabinta. A Nuwamba 2020 ta ce ta bar aikin, domin masu shirya ta sun yi ta rage hijabin kaɗan-kaɗan, har akwai ranar da aka ɗora mata wandon jins a ka maimakon mayafi. Yarinyar da ta taɓa yin mako biyu a kan jaka ɗaya ba ta da wuyar fahimtar irin wannan magana. Ta san kowane ado akwai hannuwa a bayansa.

Abu biyu ne na hana a gidana, kuma ba na sassautawa. Na farko man bilicin. Hasken da yara ke gani a fuskar taurari rabinsa fitila ce da gyaran hoto, amma sai su je su sayo mai su shafa. Waɗansu mayukan nan suna ɗauke da sinadarin makuri mai lalata ƙoda, waɗansu kuma suna sirantar da fata har ciwo ya riƙa wuyar warkewa. A 2023 hukumar NAFDAC ta yi shela cewa abin ya zama babbar barazana ga lafiyar jama'ar ƙasa. A nan Lupita ta yi mini amfani ƙwarai, don baƙa ce wuluk, kuma ba wanda ya ce ba ta yi kyau ba. Na biyu baƙin lallen da ake haɗawa da dayis, watau maganin rina gashi. Yana ƙona fatar waɗansu, ta yi ƙuraje ta bar tabo daidai zanen da aka yi. Jan lallenmu na gargajiya dai, a yanka salatif a fitar da fure a ƙunsa, wannan ita ke yi wa ƙannenta, ba na hanawa.

Yanzu ga inda maganar ta yi nauyi. Yarinya ta ga abu tana so, hannunta bai iya ba, uwa ba ta da shi, uba ya ce a bari sai wata ya yi. Son bai mutu ba fa. Wani zai biya, kuma kin san ko wane ne: mai tsayawa da mota a bakin layi bayan magariba. Na ga gidajen da abin ya fara daga leshi ɗaya da takalmi, ya ƙare da kuka. Ba na ce allura laya ce ba, 'ya'ya sai addu'a da sa ido. Amma yarinyar da ke iya fitar da 'yan kunnenta daga shara, ta sayar da biyu ta sayi mayafi, ba ta cika rawar jiki a kan kyautar saurayi ba. Kakanninmu da saƙar faifai da kaɗi da ɗinkin hula suka riƙa taimaka wa iyayensu tara kayan ɗaki, ba su jira kowa ba.

In taki ta nuna sha'awa, ga yadda na yi da tawa. Kuɗin kayan farko rance na ba ta, ba kyauta ba, ta kuwa biya cikin wata biyu. Na sa ta sayi ɗan littafi tana rubuta abin da ta kashe da abin da ta samu. Wurin sa kuɗi ne yara ke faɗuwa, sai su lissafa duwatsu da zare su manta da kwanakin da suka yi suna aiki, ƙawaye kuma su karɓa bashi su yi shiru. Na ce mata 'yan'uwa ma su biya, in ta ga dama ta yi musu ragi. Ba a kai kaya makaranta, ba a taɓa gwangwani lokacin jarrabawa, kuma in za a sa hoton kaya a waya, kayan za a ɗauka ba fuskarta ba.

Duwatsu da zaren roba da ƙarafan kunne ana samunsu a Kurmi da kasuwar Sabon Gari, kuma sayen ƙulli ya fi sayen ɗai-ɗai sauƙi, sai ku haɗa kuɗi da maƙwabciya ku raba. Ƙyalle kuwa kada ki saya. Ki yi wa telanki magana tun azumi bai raba ba, lokacin da ɗinkin Sallah ya yi masa yawa, ya riƙa tara miki a buhu. Ki ce ya ware na atamfa daban, don leshi da shadda ba su cika kwanciya a kan maɓalli ba.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.