Makullin da ke kwana a cikin gari

Da asuba na isa tashar Ƙofar Ruwa a Kano, hazo ya lulluɓe gari, jakata cike da takardun da za mu raba. Mu uku aka tura wata makarantar kwana ta 'yan mata a jihar Katsina, mu horas da ma'aikatanta abin da za su yi idan gobara ta tashi ko 'yan bindiga suka kawo hari. Mota ba ta cika ba sai wajen bakwai da rabi. Muka wuce Dawanau, muka wuce Bichi da Tsanyawa, gonaki duk an girbe, sai karan dawa a tsaye.

Wani dattijo da ke kusa da ni ya ji inda za mu, ya girgiza kai. Ya ce shi tun daren 11 ga Disamba 2020, da aka kwashe yara sama da 300 a makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, ya fara tunanin ciro 'yarsa daga makarantar kwana. Da na Jangebe ya biyo baya a Fabrairun 2021, aka tafi da 'yan mata 279, bai ƙara shawara da kowa ba, ya je ya ɗauko ta da akwatinta. "Malam," in ji shi, "karatu na mai rai ne." Ban iya ba shi amsa ba har muka rabu bayan Kankiya, inda muka canza mota.

Na sha zama a tarukan bita a otal-otal. A can na ji labarin yarjejeniyar kare makarantu ta Oslo ta 2015 wadda Najeriya ta amince da ita, da tsarin kashe naira biliyan 144.8 daga 2023 zuwa 2026 domin tsaron makarantu. Amma ban taɓa ganin maigadi ko ɗaya a irin waɗannan ɗakunan taro ba. Shi ya sa da muka isa, muka tarar an jera wa malamai kujeru a ɗakin karatu, muka roƙi shugabar makarantar a kira maigadi da masu dafa abinci da uwar ɗakin kwana. Ta yi mamaki, amma ta aika.

Maigadin tsoho ne, kayan aikinsa gora da tocila mai batir uku. Maimakon mu fara da lacca, sai na ce, "Baba, zagaya da mu." Ya kai mu bayan ɗakin girki, inda ruwan damina ya kayar da katanga, aka toshe da ƙaya. Ya nuna mana 'yar hanyar da mata masu itace ke bi, da bishiyar maina da reshenta ya tsallako cikin makaranta. Ya ce yana bambance ƙarar babur ɗin ɗan gari da ta baƙo tun daga nesa, sai dai ba a taɓa gaya masa wa zai faɗa wa ba idan ya ji ta baƙo da tsakar dare.

A ɗakin kwanan ɗalibai ne gabana ya faɗi. Gadaje masu hawa biyu a jere, tagogi duk an yi musu ƙarfe, ƙofa ɗaya tak, da sarƙa da ƙaton kwaɗo ta waje. Na juya ga uwar ɗakin kwana.

"Inna, makullin nan a ina yake kwana?"

"A lalitata, ɗan nan."

"Ke kuma fa?"

Ta sunkuyar da kai. Iska ta yaye rufin ɗakinta tun bara, don haka a cikin gari take kwana. Tsoron masu satar mutane ne ya sa ake kulle yaran, kuma kullewar nan ita ce za ta hallaka su idan wuta ta kama. Na tuna almajirai 17 da gobara ta cinye a Ƙaurar Namoda a Fabrairun 2025, da yara fiye da 20 da suka ƙone a azuzuwan zana a Maraɗi a Nuwamban 2021. Babu wanda ya harba bindiga a waɗannan wurare.

Washegari muka yi gwaji. Ƙararrawar makarantar tsohon rim ne na mota, rataye a jikin bishiya. Muka tsai da cewa bugu ba ƙaƙƙautawa na nufin gobara, kowa ya fito fili ya tsaya a layin ajinsu. Hari kuwa usur ne, domin tara yara wuri ɗaya a fili a irin wannan dare tamkar haɗa wa ɓarawo kaya ne. Kowane rukuni ya bi malamarsa ta hanyar da aka nuna musu. Kafin a buga, da sanin shugaba, muka ɓoye wata 'yar aji ɗaya a sito. Yara suka fito da gudu da dariya, wasu suka koma ɗauko takalma. Malamai suka ƙirga, suka ce an cika. Sai wata mai dafa abinci ta leƙa layin, ta ce, "Ina 'yar ƙaramar nan da ba ta cin wake?" Wuri ya yi tsit. Rajistar da aka ƙirga da ita ta zangon da ya wuce ce.

Da yamma muka zauna kan maganar kiran taimako. Muka rubuta lambar gaggawa ta 112 da ta ofishin 'yan sanda da ta mai unguwa a bangon ofis da ɗakin gadi. Wani malami ya tuna mana cewa a Satumban 2021 an katse layukan waya a Zamfara da wasu ƙananan hukumomin Katsina, ya ce ranar da babu sabis fa? Baba ne ya warware: lasifikar masallacin unguwa, wadda ake ji har cikin makaranta. Aka aika wa liman, ya amince. A 2024 UNICEF ta ce kashi 37 cikin ɗari ne kawai na makarantu a jihohi 10 da ta duba ke da hanyar gargaɗi da wuri. Wannan makaranta ta sami tata ba tare da an nemi kwangila ba.

Ban yaudari kowa ba. Usur da gora ba za su tare masu bindiga ba, wannan nauyi ne a wuyan gwamnati, kuma na faɗa musu haka. Amma ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin mu kamo hanyar Kano a rana ta uku, an yanko makullai uku a kasuwa, an sabunta rajista, magini ya zana inda za a fasa ƙofa ta biyu, wata malama kuma ta karɓi kwanan ɗakin yara har a gyara rufin Inna.

Iyaye, ranar da kuka kai 'ya'yanku makarantar kwana, bayan kun biya kuɗi kun ajiye akwati, ku nemi a nuna muku ɗakin kwana. Ku ƙirga ƙofofinsa, sannan ku tambaya a hannun wa makullin yake kwana.