Wuri, Sidi da Duwatsun Wasa

A Jisonayili, unguwar da ke arewacin Tamale cikin gundumar Sagnarigu, akwai wani saurayi ɗalibi da ke zaune da kakarsa. Maƙwabtansu Dagombawa ne, a waje da Dagbanci ake gaisawa, amma cikin gida Hausa ake yi. Tsohuwar goro take sayarwa a Aboabo, sana'ar da ta gada tun daga kakanninta da suka riƙa bin hanyar Salaga. Ba ta yarda da waya ba, saboda haka kuɗin sarin goronta a asusun MoMo na jikan nata yake kwana, shi ne yake tura wa dillalinta na Kumasi idan lokacin sari ya yi.

Saurayin yana da wani wasa a wayarsa, Genshin Impact, wanda ya fito a watan Satumba na 2020. Wasa ne na yawo a wata ƙirƙirarriyar duniya da tawagar jarumai huɗu. Shigarsa kyauta ce, sai dai manyan jarumai masu tauraro biyar da ƙuri'a ake samun su. Irin wannan tsari shi ake kira gaca, sunan da aka aro daga injinan Japan waɗanda ake jefa wa sulalla su tofo ɗan abin wasa a cikin ƙwanso, mai saye bai san abin da zai fito ba. Kuɗin jan ƙuri'ar wasu duwatsu ne da ake kira Primogem. Shi da abokansa duwatsu kawai suke cewa. Ja ɗaya duwatsu 160 ne.

Dokokin ƙuri'ar a bayyane suke ga mai son karantawa. Damar samun mai tauraro biyar a ja ɗaya kashi 0.6 cikin 100 ce, amma an yi alkawarin ba za a wuce ja 90 ba tare da ya fito ba. Idan ya fito, rabi da rabi ne: ko jarumin da ake tallatawa, ko wani daga cikin na kullum. Wanda ya faɗi a wannan karo, na gaba tabbas ne. Ke nan wanda yake son tabbaci sai ya tanadi ja 180, wato duwatsu 28,800. Ayyukan yau da kullum na wasan kuwa duwatsu 60 suke bayarwa a yini, ban da abin da ake samu a bukukuwan wasan da akwatunan da ake tonowa.

Saurayin ya san duk wannan, amma sanin bai taɓa shiga lissafinsa ba. Da duwatsu sun kai 160 sai ya ja. Wani lokaci ya zuba su a ƙuri'ar dindindin, wadda ake samun tikitinta kyauta. Wani lokaci kuma ya sayi ƙaro da su. Ƙaro shi ne sunan da suka ba ƙarfin da ake kashewa wajen karɓar ladan yaƙi, kuma da kansa yake tsatsowa, ɗigo ɗaya kowane minti 8. Cikon farko duwatsu 50 ne, daga nan farashin ya riƙa hawa har 200 a yini guda. Ta haka watanni suka wuce bai tara komai ba.

Cikin hunturun ƙarshen 2024 aka tallata jarumar da ya daɗe yana jira. Makonni uku ake ba kowace ƙuri'a. Ya ja har sau 55, duwatsu suka ƙare, ga dare ɗaya ya rage. Yana kwance a tsakar gida, iskar hunturu tana busa ƙura, sai ya duba shagon wasan ya ga fakitin dala 29.99, wanda ake ninka wa mai sayen fari ya zama 3,960. Ya buɗe asusun MoMo. Kuɗin da ke ciki na Hajiya ne. Ya ce a ransa aro ne, kafin sari ya mayar. Ya tura wa wani mai sayar da katin cike sidi 450, ya sami ja 24. A ja na 22 allon ya yi ruwan zinariya, zuciyarsa ta buga, sai ga wani jarumi daban wanda ba shi yake nema ba. Rabi da rabin ta kayar da shi.

Bayan kwana huɗu dillali ya bugo waya. Ba yadda zai yi, ya durƙusa gaban tsohuwar bayan sallar isha'i, tana yayyafa wa goronta ruwa tana rufe shi da ganye.

Ya ce, "Hajiya, na taɓa kuɗinki."

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Nawa, maigida?" Haka take kiransa tun yana goye, wasan jika da kaka.

Ya ce, "Sidi 450."

Ta ce, "Faɗa mini da tsohon kuɗi."

Tun 2007, lokacin da Ghana ta sauya kuɗinta, tsohon sidi 10,000 ya koma sabon sidi ɗaya, Hajiya ba ta daina ƙirge da tsohon ba, kamar yawancin tsofaffin kasuwa. Ya lissafa a ransa ya ce, "Miliyan huɗu da rabi."

Sai ta ajiye goron ta dube shi. Ta tambaye shi me ya saya. Ya ce duwatsu. Ta ce ina suke. Ya ce a waya suke, kuma sun ƙare. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce duk ranar da aka sauya wa kuɗi suna, sai mutum ya mayar da shi sunan da ya sani kafin ya buɗe lalitarsa, domin ta ga mutanen da suka yi wasa da sidi ɗaya a 2007 suna ganin ƙaramin abu ne. Daren nan ta aika aka aro mata cikon daga wata abokiyar adashinta, ta ce masa ranakun Asabar nasa na kasuwa ne har sai bashin ya fita.

Maganar tsohuwar tana da tushe a harshen kansa. Kalmar kuɗi a Hausa asalinta jam'in wuri ce, wato ƙwanson nan na teku da aka yi ciniki da shi daga Kano har Salaga. Sunan sidi ma daga kalmar Akan ta wuri ya samo asali. Wuri ana ƙirga shi da hannu, mai biya yana jin nauyinsa yana barin jakarsa. A wasan waya kuwa kuɗi sau huɗu yake sauya riga: sidi ya zama dala, dala ta zama lu'ulu'un shago, lu'ulu'u ya zama duwatsu, duwatsu su zama tikitin ja. Kafin a kai riga ta ƙarshe an manta da fuskar ta farko. Wannan ne ya sa wasu gwamnatoci suka sa ido a kan harkar. Sin ta wajabta bayyana damar cin ƙuri'a tun 2017, hukumar caca ta Beljiyam kuma ta ɗauki akwatunan sa'a na kuɗi a matsayin caca a 2018.

Saurayin bai goge wasan ba. Ya sayi ƙaramin littafi ya raba shafi gida uku: duwatsu, kwanaki, sidi. A nan ya ga cewa duwatsu 3,960 da ya saya daidai suke da ayyukan yini 66. Ya ga kuma babban fakitin dala 99.99, bayan sayen fari, 8,080 yake bayarwa, ja 50 ke nan, bai ma kai ga alkawarin 90 ba. Katin wata na dala 4.99 kuwa yana ba da 300 nan take da 90 kowace rana har kwana 30, jimla 3,000. Ga duk wanda ya ga dole sai ya kashe, katin watan ya ninka babban fakitin sauƙi fiye da sau bakwai, domin haƙuri yake sayarwa, fakitin kuwa gaggawa.

Daga wannan lissafi ya kafa wa kansa ƙa'idoji. Ba ya jan ƙuri'ar dindindin da duwatsu. Ba ya sayen ƙaro, tunda 180 ke tsatsowa a yini, ma'ajin kuma 200 yake ɗauka, shiga ɗaya a rana ta isa ba a yi asarar ko ɗigo ba. Ƙaron da ya samu yana zuba shi kan jarumai huɗun tawagarsa kaɗai, matakinsu da makamansu da baiwarsu tukuna, kayan ado na ƙarfi daga baya, domin waɗannan sa'a ce ke raba su, kuma sai a mataki na 45 ake tabbatar da masu tauraro biyar. Ba ya fara ja sai ya ga abin da ya tara zai kai shi ga tabbaci. Abin mamaki, sai ya fi ci gaba a watannin da bai kashe ko fesuwa ba. Yaƙe-yaƙen da suka gagare shi da jarumai goma sha biyu marasa ƙarfi, huɗu masu ƙarfi suka gama da su.

Akwai abu guda da faɗuwarsa ta bar masa. Ƙirgen ja ba ya gogewa idan ƙuri'a ta rufe, yana bin mai wasa zuwa ta gaba, haka ma tabbacin da ke biyo bayan faɗuwa a rabi da rabi. Saboda haka duk ranar da aka dawo da jarumar, ja 90 mafi yawa zai ishe shi, duwatsu 14,400. Ya rubuta adadin a saman shafi ya ja masa layi.

Asabar tara ya yi yana ɗaukar huhunan goro daga tashar mota zuwa rumfar Hajiya, kowace Asabar tana cire sidi 50 daga bashin. A ta ƙarshe ta miƙa masa farin goro guda, ta ce dillali zai bugo ranar Talata, ya duba asusun ya faɗa mata abin da ke ciki. Ya duba, ya faɗa mata da sabon kuɗi, sannan ya maimaita da tsoho.